Rigunan Mai Wushirya

Har yau ban sani ba, kuma ina jin a haka zan tafi. Uwar yaron nan, da saninta aka zuba rigunan ɗanta a dila aka turo mana, ko kuwa wani ne ya share ɗaki ya kwashe ba ta nan? Na sha tambayar Malam, mijina, Allah ya jiƙansa, sai ya ce shi ma abin da yake juyawa a ransa ke nan. Yanzu ya tafi ya bar ni da tambayar ni kaɗai. Jikata ce take rubuta wannan, ni ban shiga boko ba. Na gaya mata in na tsaya ina share ido ta jira ni, domin tun da aka fita da shi hawayen ba sa neman izini.

Ku 'yan yanzu kuna cewa gwanjo ba sana'a ba ce, ɗauko ne a miƙa. Kuna ɗaukar hoton riga a waya, mai so ya turo kuɗi, shi ke nan. To, ni ce ta cikin gida, wadda ba a gani. Malam yana da rumfa a kasuwar Wunti, ni kuma ina gida a unguwar Ƙofar Ran da baho da allura da dutsen guga. Duk rigar da ya rataya a rumfar nan, sai da ta bi ta hannuna. Shi ya koya a wurin wani ɗan ƙabilar Ibo da ya yi wa yaron shago tun yana saurayi, ni kuma na koya a wurinsa, da faɗa da dariya.

Ranar yanka dila ba a yin girki mai wuya. Za a kawo ta a amalanke, ɗaure da ƙarafa, ta yi tauri kamar dutse. Malam zai yi bisimilla ya datse ƙarfen, sai ka ga ta numfasa ta kumbura. Wari ne yake fara fitowa, na wani magani da suke fesawa, wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Sai a shimfiɗa tabarma a fara warewa: lamba ɗaya gefe, mai son faci gefe, wadda sai dai tsumma gefe. Ba da ido kaɗai ake warewa ba. Ka murza wuya ka ji ko ya saki, ka ɗaga hammata ga rana, ka ja zik sama da ƙasa. Kuma kowane aljihu sai ka zura hannu. Na tsinci cingam da ya narke, na tsinci ɗan kunne ƙafa ɗaya, na tsinci haƙorin yaro a ƙulle cikin takarda. Wannan haƙorin na daɗe ina tunaninsa. Mu namu kan rufin ɗaki ake jefawa, su ko me suke yi da shi oho.

Aikin farko da na ɓata wata baƙar riga ce mai hoton ƙaton ɗan kokawa, gashinsa ruwan ɗorawa har kafaɗa, ya wangame baki kamar an taka masa ƙafa. Na hura gawayi, dutse ya yi zafi, na ɗora a kan fuskar kai tsaye yadda nake goge atamfa. Sai na ji ƙauri. Ina ɗagawa, rabin fuskar mutumin ta biyo dutsen tana ja kamar danƙo. Malam ya zo ya duba, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Asabe, yau kin kayar da wanda duk Amurka ta kasa kayarwa." Bayan ya gama dariya ya nuna mini. Riga mai hoto juya ta ake yi, a shimfiɗa ƙyalle a kai, a goge ta ciki da dutsen da ya ɗan huce. Ba a murza hoton a wanki, ba a matse shi, ba a shanya shi fuska ga rana. Wannan ne karatuna na farko.

A zamanin soja ne, kafin waya ta shigo hannun kowa, kayan Amurka suka haukata samarin garin nan. Gidajen kallo ne suka kawo abin. Ana sa musu bidiyon mawaƙa baƙaƙen fata masu magana da sauri suna yarfa hannu, da 'yan ƙwallon kwando dogaye kamar giginya, da 'yan kokawa. Abin da aka gani ranar Asabar, shi za a zo nema ranar Litinin. Malam dattijo ne mai gemu, amma sai da ya riƙa biyan kuɗin shiga yana zama a benci cikin yara. Abokansa suka yi ta tsiya, wai Mai Gwanjo ya koma ɗan disko. Ya ce, "Ku kuna zaton rawa nake kallo? Wando nake kallo."

Ni kuma ina gida ina ƙoƙarin gane mutanen nan ta kayansu. Akwai lokacin da dila ta zo da riguna manya-manya, kowace mutum biyu za su shiga su yi hira. Na ce Allah sarki, mutanen can ƙiba ta yi musu yawa. Na zauna a keken ɗinki na rage su duka daidai jikin yaranmu, ina jin na yi abin kai. Ba wanda ya saya. Ashe girman ake so, riga har gwiwa, wando yana sharar ƙasa, mutum yana tafiya yana riƙe da ƙugu. Hular hana-salla kuwa juya ta baya suke yi. Limamin unguwarmu ya ce wannan kaɗai ne yayin da ya amfani addini, tunda yanzu goshi yana iya taɓa ƙasa. In salla ta kama yaro da riga mai hoto, sai ya tuɓe a bakin famfo ya juya ta bai-bai ya shiga sahu.

Akwai wata jar singileti mai hoton kan sa yana huci, da lamba a baya. Samarin Fulani da ke kawo shanu ranar kasuwa suka ƙwallafa rai a kanta. Wani dattijonsu ya ɗaga ta ya duba, ya ce wa Malam, "Wannan san naku fushi ne kawai da shi, ba nama." Amma ya saya wa ɗansa.

Wadda ta fi kowace tafiya ita ce mai hoton wani mawaƙi da aka ce an harbe shi a mota. Ranar da labarin ya zo, yara suka yi jugum kamar ɗan unguwa ne ya rasu. Daga nan riga in dai da fuskarsa, da lambobin shekarar haihuwa da ta mutuwa a ƙasa, ba ta yini a rumfa. Yaran suka ce haka abin yake a can, mawaƙi sai an kashe shi yake cika mawaƙi.

To, a cikin wannan yayi ne dilar ta zo. A tsakiyarta muka tarar da fararen riguna a ninke tare, sun fi ashirin, wasu an sa sau ɗaya, wasu ko sawa ba a yi ba. Duk fuska ɗaya ce a jiki. Wani yaro ne baƙi, gashi an yi masa aski tas, yana dariya, da wushirya a tsakiyar haƙoransa. Bayansa gajimare ne da farar tattabara. A ƙasa ga lambobin nan guda biyu, irin na rigar mawaƙin. Malam ya tafa hannu ya ce, "Wani kuma suka sake harbewa. Asabe, bana mun dace."

Ba ƙarya ya yi niyya ba. Abin da idonsa ya nuna masa ya faɗa. Ya rataye su ya ce sabon mawaƙi ne, shi ma ya rasu. 'Yan makaranta suka gwada karanta sunan, ya ƙi zama a bakinsu, sai suka sa masa Mai Wushirya. Aka fara saye. Masu sayar da kaset suka shiga uku, kullum ana tambayarsu waƙar Mai Wushirya. Har aka sami wanda ya rantse ya ji ta a Jos, wai ta fi ta wancan zafi.

Ina da wata mai saye da take zuwa har gida ta zaɓi kayan yara kafin su tafi kasuwa. Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, tana zaune a GRA. Ta yi shekaru a Amurka lokacin da mijinta yake karatu. Ranar ta shigo, saura 'yan kaɗan daga rigunan suna kan igiya, na juya su daidai zan ninke. Ta tsaya. Ta kama gefen ɗaya ta duba gaba, ta juya baya inda akwai ƙananan rubutu da ba wanda ya kula da su.

Ta ce, "Mama, ina kika samu wannan?"

Na ce, "Mawaƙi ne, Sista. Ko za ki ɗaukar wa babban naki? Sun kusa ƙarewa."

Ta ce, "Mama, wannan ba mawaƙi ba ne fa. Yaron mutane ne."

Malam yana zaure yana shirin fita, ya ji, ya yi gyaran murya ya leƙo. Ta karanta mana bayan rigar. Ta ce an rubuta daga mamarsa, da ƙannensa mata, da gwaggwanninsa, da sunan cocinsu. Yaron bai cika ashirin ba. Ta ce al'adarsu ce a wasu unguwannin baƙaƙen fata, in matashi ya mutu sai dangi su buga hotonsa a riga, kowa ya sa ranar jana'iza, kamar yadda muke anko a biki. Ita kanta ta taɓa zuwa irin wannan jana'izar, ta ga coci cike da fuska ɗaya.

Malam ya ce, "Ranki ya daɗe, wato ba ya waƙa?"

Ta ce, "Baba, wataƙila yana yi a banɗaki. Amma ba kaset."

Ya ce, "Ankon mutuwa ke nan muka sayar?"

Ta ninke rigar da kanta ta miƙa mini.

Da farko Malam cewa ya yi abin da ya wuce ya wuce, sai dai a janye sauran. Ya je wurin liman, liman ya ce tufa tufa ce, ba laifi a kansa tunda bai sani ba. Ya dawo hankalinsa ya ɗan kwanta. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya shigo da rana tsaka, lokacin da ba ya barin rumfa, da wani baƙin tsumma a hannu. Ya shimfiɗa a gabana. Ɗaya daga rigunan ce. Wani ɗan achaɓa ya saya, ta kama a ƙusa ta yage, ya mayar da ita abin goge sarƙar babur. Baƙin mai ya rufe ido ɗaya, wushiryar tana nan tana dariya.

Ya ce, "A gabana yake dirza ta. Asabe, da namu ne fa?"

Mun binne ɗa namiji a shekarun baya, yana gab da aure, ciwon kwana biyu. Ba mu da hotonsa. Na tashi na ɗora ruwa.

Wannan tsumman shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. Baƙin mai ba ya jin sabulu. Na ɗiga kananzir a bayan ƙyallen, ba a kan fuskar ba, na bar shi ya tsotso, na danna da tsumma mai tsabta, na sake. Sannan ruwan ɗumi da sabulun salo, da tafin hannu kawai. Idon ya fito, amma da inuwa, kamar wanda ya sha kuka.

Daga ranar Malam ya shiga bin rigunan. Ya san masu sayensa da fuska da unguwa. Ya ce duk mai rigar Mai Wushirya ya kawo ya zaɓi abin da yake so a rumfa. Ku da kuke ganin sana'ar banza ce, ku lissafa da kanku. Yaro zai kawo farar riga da ta sha jiki, ya ɗauki wandon jins lamba ɗaya. Da labari ya bazu, sai suka ƙara wa abin kuɗi, wannan ya ce sai an haɗa masa da hula, wancan ya ce tasa tana wurin yayansa a ƙauyen Miri. Malam ya hau achaɓa har Miri cikin damina, ya sami rigar a jikin mutum-mutumin korar tsuntsaye a gonar dawa. Maƙwabtansa a kasuwa suka ce ya taɓu. Wani ya ce, "Mai Gwanjo, yaron nan ko sallarka ba ya yi." Ya ce, "Uwarsa dai naƙuda ta yi."

Ita ce muguwar shekararmu. Kayan da za su sayo dila ta gaba sun tafi a musaya. Rumfa ta koma rabi, daga baya ya koma shimfiɗa a ƙasa a bakin rumfar wani. Wasu samarin kuma suka daina zuwa, suna jin haushin an yi musu dariya a gidan kallo, sun yi wata da watanni suna yabon waƙar da babu ita. Na koma wankau da guga na gidajen ma'aikata, Sista ce ta haɗa ni da su. Tuwo sau ɗaya muke yi. Keken ɗinkina ma sai da ya bar gidan, bai dawo ba sai bayan shekara biyu. Ban ce na ji daɗi ba. Na yi masa magana, na ce yaron ya riga ya mutu, mu ne da rai. Ya ce ya sani, amma shi ya raba rigunan da bakinsa, shi zai tattaro.

Ya tattaro duka sai ɗaya. Tana wurin Ɗanlami, wani saurayi a bayan layinmu, gwanin rawar nan da ake juyi da ka a ƙasa. Malam ya yi masa tayin jins, ya ƙi. Ya yi masa tayin jar singileti mai sa, ya ƙi. Rannan ya kira shi zaure, ina bayan ƙofa ina jin su.

Malam ya ce, "Kai ɗan nan, rigar gawa ce fa. Me za ka yi da ita?"

Ya ce, "Na sani, Baba."

"To, faɗi abin da kake so."

Ya ce, "Baba, ka tuna ƙanena Sule, wanda ruwa ya ci a dam? Dubi bakin nan. Dubi goshin. Innarmu in ta ga na sa, sai ta ce in zauna a gabanta in ci abinci. Ba na rawa da ita, wallahi. Ba ta taɓa ƙasa."

Sai Malam ya ce, "In za ka wanke, kada ka murza fuskar. Tafi abinka. Ranar da kuka gama da ita, ka san gidan."

Bai sake tambayarsa ba. Sauran na wanke su, na goge, na jera a akwatin ƙarfe da kafur. Mun so mu mayar wa masu su. Sista ta ce sunan cocin irinsa ya fi dubu a can, ba garin a rubuce. Daga baya aka yi musu canjin wurin aiki, muka rabu. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke nakan fito da su su sha iska a inuwa. Malam yakan zauna ya yi ta kallo, ya ce ko me yaron yake so ya zama, ko ƙwallo yake bugawa, ko harbin ne da gaske ko ciwo. Mu da muka yi shekara da shekaru muna tufatar da garin nan da kayan Amurka, mutum ɗaya muka sani a can, shi ma ba mu iya faɗin sunansa.

Kwanan baya wani jikana ya buɗe akwatin ya yi ihu, wai tsofaffin rigunan wancan zamani yanzu su ake nema a waya, da tsada. Shi ya sa na ce a rubuta wannan. Ba na sayarwa ba ne. Ko bayan raina.

Malam ya rasu bayan ƙaramar salla. Numfashi ne ya riƙa yi masa wuya, ƙurar dila ta shekaru ta taru a ƙirji. Kayansa na sawa an raba su sadaka, na zura hannu a kowane aljihu kafin a fitar, ban sami komai ba sai ɓarin goro. Da na ga babbar rigarsa ta Juma'a a jikin wani yana wucewa ta ƙofar gida, sai da na dafa bango. A ranar na ce wataƙila ita ma matar can ba ta iya kallon rigunan ba ne, ta ce a kwashe. Wataƙila kuma ta mutu ne aka share ɗakin. Ban sani ba.

Ranar sadakar uku aka ce ana sallama da ni. Ɗanlami ne, furfura ta fito masa, keke yake ja yanzu. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ajiye baƙar leda a gefen tabarmata.

Ya ce, "Goggo, Innarmu ta rasu bara. Na yi ta cewa zan kawo, kunya ta hana ni. Ga shi na makara."

Na ce, "Ba ka makara ba. Ya bar saƙo."

Rigar ta yi laushi kamar auduga, wuyan ya saki, gajimaren ya kusa gogewa, amma dariyar tana nan. Akwai dutsen lantarki a gidan, ban yarda da shi ba. Na sa aka nemo mini gawayi. Na wanke ta da tafin hannu, na shanya a inuwa, na juya ta, na shimfiɗa ƙyalle. Ina yi ina kuka, ina kawar da kai kada ya ɗiga a kai.

Domin da safiyar ranar da Malam zai rasu, na kawo masa koko ya kasa sha. Na zauna kusa da shi ina jira ya yi mini maganar gida, ko ta yara, ko ya ce in yafe masa, ni ma in ce ya yafe mini. Ya kama hannuna, ya juya tafin yana duba tabon ƙunar gawayi. Sai na sunkuya don in ji.

Ya ce, "Asabe, yaron nan zai kawo ta. In ya kawo, ki bar dutsen ya huce. Ta ciki za ki goge."